Daga Kanti zuwa Masana'anta: Tarihin Sarrafa Magani da Ƙunshinsa a Nijeriya, da Abin da ke Isa Nariya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda sana'ar sarrafa maganin asibiti ta faro kuma ta bunƙasa a Nijeriya, tun daga kamfanonin Turawa masu shigo da kaya har zuwa 'yan ƙasa da suka tashi daga kanti suka gina masana'anta. Ta tsaya a kan ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato mazubi da ƙunshi: kati da kwalba da kwali da rubutun da ke jikinsu. An ɗauki Nariya, a Ƙaramar Hukumar Kibiya ta ƙasar Rano, a matsayin ma'auni, domin a irin waɗannan garuruwa ne ake gane ko abin da aka sarrafa ya isa hannun majinyaci da ingancinsa. Maƙalar na ganin cewa Kano ta daɗe tana sayar da magani ba ta ɗauki sarrafa shi da muhimmanci ba, kuma ƙofar da ta fi kusa da ita a yau ita ce ta mazubi.

1.0 Gabatarwa



Babu masana'antar magani a Nariya, kuma ba lallai ne a gina ta a can ba. Na zaɓi garin ne saboda yana ƙarshen hanya. Ƙwayar farasitamol da uwa za ta saya wa ɗanta a can ta yi doguwar tafiya kafin ta iso: ana haɗa sinadarinta na asali a Sin ko Indiya, a sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Legas, a matse shi ya zama ƙwaya a Ikeja ko Ota ko Sagamu, a ɗora a babbar mota zuwa Kano, ɗan sari ya saya, mai kyamis ya sara daga gare shi, sannan ta bi titin Zariya ta ratsa Bunkure da Rano ta shiga ƙasar Kibiya. A duk tsawon wannan tafiya ba likita a tare da ita, ba jami'in hukuma. Abin da ke tsare ta daga zafi da laima da hannun maha'inta shi ne ɗan katin da aka rufe ta a ciki da kwalin da aka sa katin.

Tarihi ya san Rano da sana'ar hannu mai buƙatar ilimin haɗa sinadari. A rabon ayyukan Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, masu karofi da rini. Ba baƙon abu ba ne ke nan a tambayi mutanen wannan ƙasa dalilin da ya sa a harkar magani suka tsaya a saye da sayarwa.

2.0 Mafarin sana'ar

Maganin Bature ya shigo ne a matsayin haja. A 1887 Richard Zaccheus Bailey ya buɗe kantin magani a Legas, wanda ake lissafawa na farko a ƙasar. Gwamnatin mulkin mallaka ta horar da masu ba da magani a Yaba, ta kuma buɗe makaranta irinta a Zariya a 1930 domin asibitocin En'e na Arewa. Aikin waɗannan ma'aikata shi ne su dama ruwan magani, su ƙirga ƙwaya, su zuba wa majinyaci a kwalbar da ya zo da ita daga gida. Dattawanmu sun san wannan zamani na zuwa asibiti da kwalba a hannu.

Kamfanin May & Baker na Ingila ya kafa reshensa a Legas a 1944, kuma ya shafe fiye da shekara talatin yana shigo da kaya kawai kafin ya fara sarrafawa a Ikeja a 1976. Haka sauran suka yi, irin su Glaxo da Pfizer da Roche da Hoechst. Dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa 'yan Nijeriya sun samu kaso a waɗannan kamfanoni, amma ilimin haɗa sinadarin asali bai taɓa ƙetaro teku ba. Abin da aka kawo mana shi ne matakin ƙarshe: a cuɗa gari, a matse ƙwaya, a dama sirof, a zuba a mazubi. Har gobe a nan yawancin masana'antunmu suke.

3.0 Waɗanda suka tashi daga kanti

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne manyan kamfanonin 'yan ƙasa na yau kusan duk hanya ɗaya suka biyo. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Emzor. Stella Okoli, wadda ta karanta ilimin harhaɗa magani a Ingila, ta buɗe ɗan kantin magani a Shomolu ta Legas a 1977. Daga sayar da ɗai-ɗai ta koma sari da shigo da kaya. A 1984 ta yi wa kamfanin sarrafawa rajista, ta fara da abu guda, farasitamol. Zaɓin ba na ganganci ba ne. Shekarun da ta yi a bayan kanta sun nuna mata abin da ba ya kwana a shago, kuma tana da abokan ciniki da za su karɓi kayan tun kafin injin ya huce. Lokacin ma ya taimaka: ƙarancin kuɗin waje na farkon shekarun 1980, da faɗuwar darajar Naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, sun sa maganin waje ya yi tsadar da talaka ba ya iyawa. Yau kamfanin na sarrafa magunguna iri-iri masu yawa, kuma ya shiga aikin gina masana'antar haɗa sinadarin asali na maganin zazzaɓin cizon sauro a Sagamu, da rancen Bankin Zuba Jari na Turai.

Fidson ma haka. Fidelis Ayebae ya kafa shi a 1995 a matsayin mai rarraba kayan wasu, ya buɗe masana'antarsa ta farko a 2002, ya shiga kasuwar hannun jari a 2008. Har ta kai kamfanin GSK, wanda a da shi ake sara wa, ya ba Fidson kwangilar sarrafa masa wasu kayansa. Juhel na Inugu shi ma daga sari ya fara a ƙarshen shekarun 1980. Swiss Pharma, wanda aka fi sani da Swipha, ya gaji masana'antar Roche ne, amma shi ya kai inda sauran ba su kai ba: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙwayar zinki da yake yi wa yara masu gudawa, karon farko da wani kamfani a Afirka ta Yamma ya samu wannan shaida, a 2024 kuma ta amince da maganinsa na rigakafin zazzaɓi ga masu juna biyu.

Matakan uku ne ke nan: kanti, sari, masana'anta. Jari daga ciniki ya fito, sanin kasuwa ma daga ciniki ya fito. Wanda ya san Kano zai ga inda zancen ya dosa.

4.0 Kano: kasuwa ta cika, masana'anta ta yi ƙaranci

Shekaru da dama kasuwar Sabon Gari da kewayenta, su Malam Kato da Titin Neja, su ne cibiyar maganin Arewa. Daga nan ake ɗaukar kaya zuwa Katsina da Jigawa da Bauci, har Maraɗi da Damagaram da Chadi. Ba a rasa masana'antu a birnin ba. Akwai irin su Pal da Ugolab da ASAD, waɗanda suka jure wahalar wuta da tsadar kaya, kuma sun cancanci yabo. Sai dai in an gwada su da yawan maganin da ke ratsa Kano kullum, kasonsu kaɗan ne. Ko a cikin Arewa, Ilori ta fi Kano tara masana'antun magani, da Tuyil da Bioraj da Peace Standard da Sam.

Dalilan sanannu ne. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ita kuwa masana'antar magani tana buƙatar tataccen iska da tsayayyen sanyi dare da rana. Kowane buhun sinadari sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas. Kuɗin ruwan banki ya fi ƙarfin mai ginin da ba zai fara riba ba sai bayan shekaru, ga kuma ƙyamar riba da ke hana attajiranmu da yawa kusantar bankin tun farko. Amma akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa ba: sari yana juya kuɗi cikin mako biyu, masana'anta kuwa sai a shekara biyar ana zuba mata. Muddin kasuwa a buɗe take, ba mai tambayar daga ina kaya suka fito, to mai jabu zai karya wa mai na gaskiya farashi, kuma ba mai hankalin da zai gina masana'anta don ya yi gasa da alli.

Wannan buɗaɗɗiyar kasuwa ta ci mu da yawa. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafin jabu da ta shiga cikin tallafin da aka aika daga Nijeriya. Kwalaben na ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai, cikinsu kuwa ba magani. Shekara guda bayan haka aka yi gwajin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan Dala miliyan 75. Raunin da wannan ya yi wa amana ya bayyana a ƙauracewar rigakafin shan-inna ta 2003 zuwa 2004. Sannan ga annobar kodin, wadda ta sa gwamnatin tarayya ta haramta sirof mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta watsa.

An kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, a 1993, bayan gurɓataccen sirof ɗin farasitamol ya kashe yara 109 a Jos da Badun a 1990. Ta yi ƙarfi a zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008. Amma gyaran da ya fi shafar Kano kai tsaye ya zo ne a baya-bayan nan. A watan Fabrairun 2023 aka buɗe cibiyar sarin magani ta Ɗangwauro a kan titin Zariya, irinta ta farko a ƙasar, inda NAFDAC da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ke da ofis a cikin harabar. A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya ta Kano ta umarci 'yan kasuwar su koma can, hukumomin biyu suka rufe shaguna 1,321 a tsohuwar kasuwa. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna, kuma kukansu abin saurare ne. Duk da haka ina ganin wannan ƙaura ita ce abu mafi muhimmanci da ya faru a harkar magani a Arewa cikin shekaru ashirin, domin ta samar da ƙofa ɗaya da za a iya tsarewa. Ga mutanen Rano da Kibiya kuma akwai ƙarin sauƙi: cibiyar tana kan hanyarsu, ba sai sun kutsa cunkoson birni ba.

5.0 Mazubi rabin magani ne

Yanzu na zo inda nake son mu daɗe.

Masu nazarin wannan sana'a sun fi yawan magana a kan sinadarin asali, cewa kusan duka daga waje ake shigo da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na maganin da muke sha ma daga waje yake zuwa a haɗe. Gaskiya ne, kuma mun ɗanɗana kuɗarsa a watan Maris na 2020, da Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai 26, har da farasitamol. Amma mai masana'anta zai gaya maka cewa a magani mai araha kuɗin mazubi kan yi kafaɗa da kuɗin abin da ke ciki. Kati ɗaya na ƙwaya goma ya ƙunshi faifan roba mai gurabe da siririn fallen alminiyam da aka liƙe a bayansa. Sirof yana buƙatar kwalba mai duhu da marfi mai hatimi da ɗan kofin awo. Sai ƙaramin kwali, sai takardar bayani, sai babban katan. Yawancin faifan roba da fallen alminiyam na kati daga waje ake kawo su. Masana'antar narkar da alminiyam ta Ikot Abasi ta daɗe a kwance. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe, don haka ko kwalin da aka buga a Legas, takardarsa baƙuwa ce. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai tsadar ta bugi magani ta ciki da ta waje lokaci guda. A wannan tsakanin ne GSK ya sanar da rufe harkarsa a Nijeriya a Agustan 2023, Sanofi ya biyo baya.

Aikin mazubi na farko shi ne kariya. Ƙa'idar da NAFDAC ke bi ita ce a gwada juriyar magani a zafin digiri 30 da laima kashi 75 cikin 100, shi ya sa ake rubuta a jikin kwali cewa a ajiye a ƙasa da digiri 30. Kowa ya san yadda bazarar Kano take. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano da ba silin. Da damina ta sauka kuma laima ta karɓa. Akwai magungunan da ba sa jure wannan, kamar amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, wanda laima ke kashewa, shi ya sa ake rufe shi da alminiyam gaba da baya. Allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa tana son firji, in ta kwana cikin zafi ƙarfinta ya ragu alhali kwalbar na nan da kyanta. A farkon 2025 NAFDAC ta daina yi wa garin maganin zazzaɓi na yara rajista, irin wanda ake zuba wa ruwa a kwalba a yi kwanaki ana ba yaro, saboda an gano ba ya riƙe ƙarfinsa bayan an dama. Aka ce a koma ƙwaya mai narkewa ko ƙunshin sha ɗaya. Sinadarin bai canza ba, yanayin zubinsa ne ya gaza.

Aikinsa na biyu shi ne shaida. Majinyaci ba shi da ɗakin gwaji. Abin da zai iya dubawa shi ne lambar NAFDAC, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar da maganin zai daina aiki, da hatimin marfi. Shi ya sa mai yin jabu ya fi kashe kuɗi a wurin mai buga kwali fiye da wurin mai sinadari. A 2010 NAFDAC ta fito da tsarin kankare lamba a jikin kati a tura ta saƙon waya kyauta, a samu amsa ko na gaske ne, daga baya ta wajabta shi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Dabara ce mai kyau, amma bayanin yadda ake yi da Turanci yake, amsar ma da Turanci take zuwa. Kuma shaida ba a kan ƙaramin kwali ta tsaya ba, har da gangar sinadarin da ke shiga masana'anta. Yara 84 da maganin haƙori na My Pikin ya kashe daga ƙarshen 2008, da yara kusan 70 da suka rasu a Gambiya a 2022, duk guba ɗaya ce ta ci su, sinadarin da ake sa wa a man birki, wanda ya shiga a madadin wanda ake dama sirof da shi. Da an gwada abin da ke cikin ganga maimakon a gaskata rubutun jikinta, da ba a kai ga haka ba.

Aiki na uku shi ne koyarwa, kuma a nan ne muke da hujja mafi ƙarfi a ƙauyukanmu. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar rigakafin zazzaɓi na damina a 2012, aka fara shi a Katsina a 2013, ya bazu zuwa Kano da sauran jihohin Arewa, ma'aikatan sa-kai ke bi gida-gida kowane wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne yadda aka tsara katin: maganin kwana uku a kati ɗaya, launin na jarirai daban, na manyan yara daban. Ma'aikaciya ta ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa sauran biyun. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana ba da shi daidai. Haka katin maganin zazzaɓi mai ƙwaya 6 ko 12 ko 18 ko 24 gwargwadon nauyin majinyaci, wanda wasu kamfanoni ke zana wa hoton rana da wata. Wannan shi ne likitan da ke bin majinyaci har ɗaka.

6.0 Inda ƙunshin ke warwarewa

A gari irin Nariya, kafin a je asibitin Kibiya ko Babban Asibitin Rano, wurin mai kyamis ake fara zuwa. Shi ne a kusa, yana buɗe da dare, yana ba da bashi har kaka. Lasisinsa ya ce ya sayar da magungunan da aka halatta masa a cikin ƙunshinsu na asali. Talauci kuwa ya ce a'a. Mai Naira ɗari biyu ba zai sayi kati ba, sai a sa almakashi a yanka masa ƙwaya uku. Da zarar an yanka, ranar daina aiki da lambar rukuni sun tafi da ɗaya ɓarin. Ga kuma gwangwani mai ƙwaya dubu, da ake buɗewa sau hamsin a wuni, a ƙirga da hannu a ƙulle a leda. Ga abin da ake kira haɗi, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulli ɗaya, ba suna ba awo. Ranar kasuwa kuma ga masu talla da faranti a ka, rana na dukan kayan tun hantsi har la'asar.

Ba na ɗora wa mai kyamis laifin wannan shi kaɗai. Yana cike gurbin da hukuma ta bari ne, kuma da yawansu masu amana ne. Laifin da nake gani na tsari ne: an ƙera mazubin don mai albashi a birni, mai karanta Turanci, mai firji. Duk kuɗin da aka kashe a Ota wajen tace iska da gwada inganci yana iya lalacewa a taku goma na ƙarshe. Rabin magani kuma ya fi rashin magani haɗari ta wata fuskar, domin shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jurewa.

Jihar Kano tana da abin da za ta gina a kai. Hukumar samar da magunguna da kayan asibiti ta jiha, tare da asusun magani mai juyawa da ke asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya, babban mai saye ce. Mai saye da yawa kuwa yana da bakin gindaya sharaɗi.

7.0 Ƙofar da ke kusa

Haɗa sinadarin asali aiki ne mai cin biliyoyi, kuma ko Legas yanzu take rarrafe a kansa. Ba daga nan Kano za ta fara ba. Amma a Sharaɗa da Challawa da Bompai da Tokarawa akwai masana'antun roba da suka shekara da shekaru suna ƙera bokiti da buta da jarka da leda, akwai ma'aikatan da suka san injin busa kwalba da na matsa marfi. Ɗanyen kayan ma ya fara samuwa a gida: kamfanin Indorama na Eleme yana fitar da ƙwayar roba, matatar Dangote ta fara fitar da irin tata a 2025. Akwai maɗaba'u masu yawa a birnin. Abin da ya rage shi ne tsafta da daidaito irin na magani: ɗaki mai tataccen iska, roba wadda ba ta taɓa zagayawa bola ba, rubutaccen tarihin kowane rukuni. Wannan jari ne da ɗan sari guda na Ɗangwauro, ko ƙungiyar mutum biyar, za su iya ɗauka. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2024 ya janye harajin shigo da injina da kayan aikin magani na shekara biyu, kuma manufar NAFDAC ta 2019 ta ce wanda ya shekara biyar yana shigo da abin da ake iya yi a gida, to ya fara shirin yin sa a nan. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 tana maƙwabtaka da Ɗangwauro. In bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kano, wanda aka fara a 2020, ya iso, to an rage babbar matsalar wuta.

Ƙasar noma ta kudancin Kano ma tana da rabo. Kowace ƙwaya tana buƙatar sitaci da zai riƙe ta, kuma daga waje ake sayo mai ingancin magani, alhali masara na cike da Tudun Wada da Doguwa, ga ruwan Tiga da aka datse tun 1974. Ƙaro na fita daga Jigawa da Yobe ɗanye, a tace shi a Turai. Maganin amosanin jini na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa, cikin tsirrai huɗu da ke cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, wanda dukawanmu ke rina fata da shi. Tsangayoyin harhaɗa magani na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna yaye ɗalibai kowace shekara, yawancinsu a bayan kanta suke ƙarewa domin ba masana'antar da za ta ɗauke su.

Amma riba mafi girma da nake hangowa a mazubin da aka yi a Kano ita ce za a yi shi da sanin wanda zai buɗe. A buga lambar rukuni da ranar daina aiki a bayan kowane gurbin ƙwaya, yadda ko an yanka shaidar na nan. A yi ƙananan ƙunshi na cikakken awon ciwo ɗaya, a farashin da manomi zai iya, don a rage buɗe gwangwani. A rubuta awo da gargaɗi da Hausa, boko da ajami, tare da hoto. Kamfanonin sabulu da na sinadarin ɗanɗano sun daɗe da gano cewa ƙaramin ƙunshi da harshen gida su ke shiga ƙauye, kuma rai ya fi miya cancantar wannan kulawa. Dokar NAFDAC ta wajabta Turanci a jikin kwali, ba ta hana a ƙara wani harshe ba.

Don haka kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar samar da magungunanta shi ne su sa rubutun Hausa da ƙaramin ƙunshi cikin sharuɗɗan duk kwangilar da za su bayar, su fara da maganin zazzaɓi da na gudawar yara. Ga malaman jami'a, a tura ɗalibai su ɗebo magani daga shagunan Nariya da Tarai da Rurum a ƙarshen bazara, a gwada ƙarfin da ya rage a cikinsa, a buga sakamakon kowa ya gani. Ku kuma alhazan Ɗangwauro, kun riga kun taka mataki biyu daga cikin ukun da Emzor ya taka. Jarin yana hannunku, kasuwar ma taku ce. Ku haɗa kai ku gina masana'antar kwalba da kati da kwali a Kano.